Usta Hafni da Ƙafafun Girgis

Yayana Hafni, da ake ce wa Usta, wato gwanin direba, yana da wata magana da ya ishe mu da ita tun kanmu bai yi furfura ba. A gidan shayi, a wurin biki, har a zaman makoki idan ya samu sarari, sai ya faɗe ta: "Direban da ba zai iya saka injin motarsa a ƙofar gidansa ba, ya ajiye makulli ya koma sayar da lemo." Yakan ƙara da cewa ranar da shi kansa ya kasa, da hannunsa zai miƙa makullin. Babu wanda bai haddace wannan ba a lungunmu, har waɗanda ba su san inda injin mota yake ba.

Motar tasa farar Kombi ce, irin masu jigila a titin Faisal, murfin baya a wangale don inji ya sha iska. Shi da iyalinsa suna ƙasan gidanmu, ni ina saman bene tun da mijina ya rasu, kuma tagata tana daidai saman inda yake ajiye ta. Hayaƙinta na shaƙa, ƙararta ke tashe ni, labulena bai taɓa zama fari ba. Saboda haka idan na ce na san motar nan, kada wanda ya yi min musu.

Zafin garinmu Giza ba ya barin irin wannan inji ya daɗe. Bayan 'yan shekaru sai ya fara shan baƙin mai yana tari, Hafni ya tafi kasuwar kayan mota ya samo wani mai sauran ƙarfi. Gareji kuwa, ko hanyar ba ya bi. Ba ya neman sarƙa ko ƙugiya, don injin Kombi ta ƙasa yake shiga. Za a ɗaga bayan motar a tokare da kututture, a zaunar da injin a kan katako bisa jak mai taya, a turo shi ciki, a riƙa ɗagawa a hankali har ya yi daidai da bakin giyabos. Nan wahalar take. Akwai wani sandan ƙarfe mai haƙora da ya fito daga giyabos, dole ya shige tsakiyar kuloci. Idan haƙoran ba su haɗu ba, injin zai tsaya saura kamar yatsa biyu, ko da unguwa duka ta taru tana turawa. Dokar Hafni ɗaya ce a nan: ba a jawo inji da noti. Wanda ya ɗaure noti don ya rufe wannan tazarar, bakin giyabos zai tsage, shi ke nan mota ta zama ɗakin kaji.

Aikin na mutum biyu ne. Hafni yana kwance a ƙarƙashi yana saita ƙusoshi da hannu, Girgis yana zaune a baya yana turawa da ƙafa. Girgis mai guga ne, shagonsa na kallon ƙofarmu, kuma gugar ƙafa yake yi: dutsen guga mai nauyin tsiya da dogon mariƙi, ya ɗora ƙafa a kai yana tuƙa shi bisa jallabiya. Ƙafafun nan nasa sun fi hannun wasu hankali. A aikin soja suka haɗu da Hafni, Girgis ɗin a wurin gyaran motoci aka ajiye shi, tun daga nan kuma ba su rabu ba, ba su kuma daina tsokanar juna ba.

"To shiga ka kwanta, Usta," Girgis zai ce. "Ai kwanciya ce sana'arka."

"Kai dai turo, mai ƙafar raƙumi! Hagu! Na ce hagu, ko cocinku ba a koya muku hagu da dama?"

"Ana koya mana haƙuri da maƙwabci, shi ya sa kake raye."

Can sai ka ji ƙas, inji ya zauna. Hafni ya fito duk baƙin mai, ya ɗaga hannayensa sama ya ce, "Kun ga hannu?" Girgis kuma ya amsa, "Hannu kam sai naka, Usta." Haka suke yi kowane karo, matar Hafni ta kawo wake da gurasa, su ci a gefen titi.

Bara Girgis ya rasu. Hafni na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Ba a jima ba hawan jini ya kayar da shi, ya tashi hannunsa na hagu ba ƙarfi kamar da. Yana komawa aiki kuma injin ya mutu masa a tsakiyar titi da fasinja cike, sai jawo motar aka yi zuwa gida.

Ɗansa Mamduh, mai shagon gyaran waya, ya same shi da maganar da kowa ke tsoron yi masa. Ba rashin kunya ba ce, yaron yana son ubansa. Ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Akwai mai sayen tsofaffin motoci, na yi masa magana. Kai ne fa ka ce ranar da ka kasa za ka miƙa makulli."

"Na kasa ne?"

"Baba Girgis ba ya nan."

"Na tambaye ka, na kasa ne?"

Aka tsaya a kan cewa zai sayo inji ya saka a ƙofar gida kamar yadda ya saba. Idan ya shiga, Mamduh ya ja bakinsa ya yi shiru. Idan ya ƙi, makulli ya bar hannun Hafni. Ni ma ina so ya huta, amma na san yayana. Ranar da aka raba shi da makullin nan, kujerar ƙofar gida zai hau, kuma ba zai daɗe a kanta ba.

Ranar Asabar da hantsi lungu ya cika. Mai wake ya matso da kekensa, mata suka leƙo ta tagogi, tsofaffin gidan shayi suka jawo kujerunsu kamar za a buga ƙwallo. Mamduh ya yi adalci, ya ce shi zai zauna inda Baba Girgis ke zama. Aka ɗaga mota, aka turo inji, Hafni ya ja jiki ya shige ƙarƙashi.

"Turo!"

Mamduh ya tura da ƙarfinsa na samartaka. Inji ya tafi, ya tafi, ya tsaya. Saura yatsa biyu. Aka ja baya, aka sauke jak kaɗan, aka sake. Saura yatsa biyu. Aka ɗaga kaɗan, aka girgiza, aka kira sunan Allah. Tazarar nan tana nan kamar an auna ta. Rana ta take tsaka, inuwar gidanmu ta gudu ta bar su, ina jin numfashin Hafni daga sama. Wani tsoho ya ce a zuba man girki, wani ya ce injin ne ba nata ba. Mamduh ya gaji, ya ɗauki sifana.

"Baba, bari in ɗaure notin sama kaɗan kawai, zai jawo shi."

"Ajiye sifanar nan! Gara a sayar da ita lafiyarta lau da in tsaga ta da hannuna."

Ya jawo jikinsa ya fito, ya zauna a ƙasa. Ya dubi shagon Girgis da ke kulle. Sai na ga ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa, inda makulli yake. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da wannan taron maza masu gemu da ba wanda ya taɓa buɗe ido ya kalli abin da ake yi a gabansa.

Ni na kalla. Duk shekarun nan daga tagata nake ganin abin da Hafni ba ya gani, don shi yana kwance a ƙarƙashi yana ihu. Da zarar ya shige, Girgis zai ce, "Af, na manta sigarina a gaba." Ya buɗe ƙofar direba, ya sa giya, ya ja birkin hannu, don sandan nan mai haƙora ya tsaya cak. Ya dawo ya zauna, ya kafa ƙafafu a jikin injin yana lallaɓa shi hagu da dama kamar yana goge wuyan riga, hannunsa kuma ya sulale zuwa ƙarfen da fanbel ke zagayawa, ya murɗa shi kaɗan kaɗan har haƙora su sami juna. Wata rana ya ɗaga kai ya gan ni ina kallo. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna ƙafafun Hafni da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, ya yi murmushi.

"Yaya!" na ƙwala masa kira daga sama. "Fitar da hannunka daga aljihun nan, ka koma ka kwanta!"

Na ja mayafi na sauko. Hafni ya dube ni ya ce, "Nabawiyya, ki koma ciki, kada ki tara min mutane."

"Sun riga sun taru. Shiga ka kwanta, ai kwanciya ce sana'arka."

Ya yi turus da jin maganar, amma ya shiga. Na ce da ƙarfi, "Af, na manta sigarina a gaba." Lungu ya kwashe da dariya. Mamduh ya ce, "Gwaggo, yaushe kika fara?" Na kama kunnensa na raɗa masa ya je ya sa giya ya ja birkin hannu, kuma idan na ji bakinsa zai gane ni ce na yi masa wanka yana jariri. Na shimfiɗa buhu a ƙasa, na tattare zanina, na cire takalmi, na kafa ƙafafuna a jikin injin. Matar mai burodi ta dafe ƙirji. Ko kallonta ban yi ba.

"Turo!" in ji Hafni. "Hagu! Na ce hagu!"

Na lallaɓa hagu, na lallaɓa dama, na miƙa hannu na murɗa ƙarfen fanbel. Ya ƙi. Na ƙara murɗawa kaɗan, ina jin hannun Hafni daga ƙasa yana gyara zaman ƙusoshi. Sai ƙas. Injin ya tafi da kansa ya manne, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba.

Aka yi ta guɗa daga tagogi. Hafni ya fito, ya ɗaga hannayensa, na hagun bai kai na daman ba, ya ce, "Kun ga hannu?" Babu wanda ya amsa, don mai amsawar ba ya nan. Ya juyo ya dube ni, ya ga tafin hannuna baƙi ƙirin.

"Me ya kai hannunki can? Da ƙafa ake yi."

Na faɗa masa komai, da sigarin, da giyar, da yatsan da aka ɗora a leɓe. Ya saurara bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

"Wato duk shekarun nan ina ƙasa ina ihu, ja'irin yana sama yana aiki yana min dariya?"

"Ƙwarai kuwa."

Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, ya zauna a bakin shagon Girgis yana share fuska da hannun riga. Sannan ya ciro makullin ya miƙa wa Mamduh. "Karɓi. Ashe ban taɓa saka inji ba."

Mamduh ya durƙusa a gabansa, ya naɗe masa yatsunsa a kan makullin. "Ni na tura tun safe bai shiga ba, Baba. Gwaggo ma sai da kana ƙasa kana saitawa. Hannu kam sai naka, Usta."

Kafin la'asar an haɗa wayoyi da bututun mai, Kombi ta tashi ta cika min ɗaki da hayaƙi kamar yadda ta saba. Yanzu da safe kawai yake jigila, wannan kam Mamduh ya samu ya shawo kansa. Ranar Lahadi kuma kujerar gaba ta matar Girgis ce, ya kai ta coci ya jira ta a waje. Maganar sayar da lemo ya daina ta. Idan direbobi suka ji ƙarar injin a tasha suka tambaye shi wa ya saka masa, ba ya ambatar kansa, ba ya ambatar sunana, kuma ban ji haushi ba.

Cewa yake yi, "Girgis ne ya saka."