Mai Kashe Tarakta

Umara bai iya zama ba. Ko a masallaci bakin ƙofa yake tsayawa, takalminsa kusa da hannu. Idan kana masa magana kunne ɗaya zai ba ka, ɗayan yana can waje yana aikinsa. Mutanen unguwar Lamisula da ba su san shi ba sukan ce raini ne. Ba raini ba ne.

A ƙauyensu, can bayan Konduga, manomi ne mai shanun huɗa biyu. Wata la'asar a 2014 yana kwance wa shanun igiya sai ya jiyo ƙarar babura daga nesa, ƙarar da babu wanda ya ji sai shi. Ya bar garma a nan, ya kwashi matarsa Kaltum da 'ya'ya uku suka faɗa daji. Waɗanda suka tsaya tambayar me ya ji, da yawansu ba su iso Maiduguri ba. Tun ranar ya san abin da ya rage masa a duniya kunne ne.

Shekara uku ya yi yana tura baro a Kasuwar Kwastam, har gwiwarsa ta fara ƙi. Sai Ya Gumsu, dattijuwar da ta ba su ɗakin zaure suke kwana, ta kira shi. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar mangwaro a hanyar Damboa, bayan ramin da aka haƙa aka zagaye gari, da wata ƙaramar tarakta ja mai wuƙar yankan ciyawa a baya. Mai tuƙa ta, wani dattijo ɗan ƙabilar Bura mai suna Pindar, bayansa ya gama, ƙarshen wata zai koma Biu. Ga shi sojojin da ke tsaron ƙofar ramin sun ce duk gonar da ciyawarta ta wuce gwiwa zuwa ƙarshen watan, an hana shigarta, don ciyawa tana ɓoye mutum.

"Kwana goma ne," in ji ta. "In ka koya ka yanke, aikin naka ne. In ba ka iya ba, kada ka ji haushina."

Washegari da aka buɗe ƙofa yana cikin na farkon fita.

Pindar ba ya koyarwa da baki. Ya ɗora ƙafar Umara a kan kuloci, ya danna ta da hannunsa, ya sake ta a hankali. Ya nuna masa sandar da ke ɗaga wuƙa da wadda ke sauke ta. Sau biyu tarakta ta yi tsalle kamar ɗan akuya, na uku ta tafi. Layi kam ba a koya wa Umara shi ba. Wanda ya bi bayan shanu shekara ashirin ya san yadda ake kafa ido a kan bishiya ɗaya a nufe ta. Kafin azahar Pindar ya duba abin da aka yanke, ya tofar da goro ya ce, "To, ba laifi."

Laifin yana wani wuri. Injin yana cika kai. A kan kujerar nan Umara ba ya jin tsuntsu, ba ya jin iska, ba ya jin komai sai ƙugin ƙarfe. In ya yi layi ɗaya sai bayan wuyansa ya fara zafi, kamar wani na tsaye a bayansa. In ya yi na biyu sai hannu ya tafi ga makulli da kansa. Ya kashe. Ya karkata kai gabas, ya karkata kudu. Sannan ya tayar.

"Kai, wa ya ce ka kashe ta?"

"Ina saurare ne, Baba Pindar."

"Me?"

"Saurare nake!"

"Sauraren me? Waƙa take maka? Batirin nan ya girme ka. Kowace tayarwa jininsa kake sha."

"Kai ba ka jin tsoro?"

"Ni kurma ne, ɗan'uwa. Tarakta ta cinye kunnena tun ana sayen gas da kwabo. In sun zo sai dai su taɓa ni a kafaɗa su yi sallama."

Umara bai yi dariya ba. Ranar sau goma sha ɗaya ya kashe ta.

Kwana na huɗu, ƙarfe uku da rabi, ya kashe ta a tsakiyar gona, ya saurara, ya murɗa makulli. Ta yi ƙyas, ta yi shiru. Ya sake. Ko ƙyas ɗin babu. Ƙarfe huɗu ake rufe ƙofa, kuma abin da ya kwana a bayan rami ba lallai a same shi da safe ba. Pindar ya cire hula ya buga a cinya. Suka kira mata masu itace da manoma biyu daga gonar wake. Aka yi ta turi ana nishi a cikin ciyawa, har aka kai inda ƙasar ta fara gangarawa wajen kwari.

"Giya biyu! Taka kuloci! Bari ta gudu... saki!"

Ta yi tari, ta watso baƙin hayaƙi, ta tashi. Sun isa ƙofa soja yana jan shinge.

Ya Gumsu ta ji labari kafin su iso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Umara, na san abin da ya same ku. Mu ma nan mun gani. Amma sabon batir sai an aiko daga Kano, kuma ciyawa ba ta jira. In ta sake mutuwa a hannunka, zan nemi wani."

Kaltum ta ce masa ya daure kawai, ya bar wa Allah. Ya ce to. Da safe ya hau, ya rantse a ransa ba zai taɓa makulli ba. Layi uku ya yi. A na huɗu gumi ya rufe masa ido, yana ta waige, har wuƙa ta sare wani ɗan dashen mangwaro. Ya tsaya, injin na aiki. Ya gane ba zai iya ba. Ko a kore shi, ba zai iya yini kurma a bayan rami ba.

Daga nan ne idonsa ya sauka a kan tudun da ke gefen yamma, inda wani tsohon suri yake. Daga surin ƙasar tana gangarawa har kwari, hanyar da suka yi turi jiya.

Ya juya tarakta. Ya bar yankan tsawo da Pindar ya saba, ya kama na faɗi. Ya sauka kwari yana yanka, ya hauro yana yanka, ya kai tudu ya juya hancinta ƙasa. Ya ɗaga wuƙa, ya taka birki, ya kashe.

Shiru ya dawo. Ya ji kurciya. Ya ji gatarin masu itace. Can nesa wata babbar mota a kan kwalta. Babu babur. Ya sa giya biyu, ya saki birki, ya bar ta ta gangara, ya saki kuloci. Ta tashi, batir bai ko sani ba.

Pindar ya taho yana dafe da baya.

"Wane irin yanka ne wannan? Gajerun layuka, juyi kamar mai neman allura. Gas za ka ƙona mata."

"Ta mutu?"

"Me?"

"Na ce ta mutu?"

Pindar ya dubi tudu, ya dubi kwari, ya dubi Umara. Ya koma gindin mangwaro ya zauna.

Aikin ya yi jinkiri, kuma gas ɗin ya ƙonu kamar yadda dattijon ya faɗa. Ana saura kwana ɗaya wata ya ƙare Umara ya yanke kusurwar ƙarshe. Ya Gumsu ta zo da kanta a keke mai ƙafa uku, ta zagaya gonar tana ɗage zani, ta tsaya a kan dashen da aka sare ta yi tsaki. Sannan ta karɓi makulli daga hannun Pindar ta miƙa wa Umara.

Sabon batir ya iso bayan wata biyu. Umara bai canja layinsa ba. Har yanzu a tudu yake kashe ta, kuma har yanzu bakin ƙofa yake tsayawa a masallaci. Sai dai masu gonakin kusa sun saba. Da zarar ƙugin ya ɗauke, fartanya takan tsaya a gonar wake, masu itace su miƙe da gatari a hannu, kowa ya karkata kai. In suka ji ta tashi, sai su sunkuya su ci gaba.