Hannuwanta a Baya

Jiya na ji warin man kaɗanya a kasuwa, sai Goggo ta faɗo mini a rai. Tsohuwar nas ce, ba dangina ba, kowa haka yake kiranta. A shekarun saba'in, tun garinmu Suleja yana amsa sunan Abuja, mun yi aikin sa-kai da likitocin gashin ƙashi da suka zo duba masu shanyewar jiki. Da man kaɗanya take murza musu gaɓoɓi, har warin ya kama zanenta.

Wata rana wani dattijo manomi daga Izom, wanda ɓarinsa na dama ya shanye, yana kokawa da buta zai yi alwala. Na zabura in zuba masa, don kuwa haka aka tarbiyyantar da mu. Goggo ta riƙe mini riga.

"Ɗana, in ka zuba masa yau, matarsa za ta yi ta zubawa har ya mutu."

Ta mayar da hannuwanta baya ta tsaya. Rabin ruwan ya ƙare a wandonsa, amma sauran ya kai fuskarsa. Da na leƙa bayanta, sai na ga ta damƙe yatsunta tam.

Allah Ya jiƙanta. Ya Allah, ranar tashi kada Ka bar ta ta miƙe ita kaɗai, Ka kama hannunta.