Ɗakin da Albasa Ta Ƙi

Babana manomin albasa ne a fadamar Argungu, kuma duk gidanmu ba wanda ake jin maganarsa kamar albasa. In ganyenta ya yi laushi, yanzu za ka ga baba ya rikice. In ni na yi laushi, sai ya ce lalaci ne.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ya kai kaya Birnin Kebbi, ya leƙa wani ofis, ya ga baƙar fata irinmu ya hakimce a kujerar da Bature ya bari. Ya dawo gida da magana ɗaya, cewa ni ma can zan zauna. Lokacin ina ajin ƙarshe na firamare, ga jarrabawa tafe. Wanda ya ci ya tafi makarantar kwana a Birnin Kebbi, wanda ya faɗi ya koma fadama ban ruwa. Ni kuwa na tsani ban ruwa har cikin raina, tun ma ba da rana tsaka ba.

Sai baba ya gina min ɗakin karatu, da bulo da siminti da kwanon rufi, irin na ofis. Abu ɗaya ya rage masa, taga. Da magini ya tambaya, baba ya ce, "Taga ta mi? Shi riƙa kallon awaki da masu zuwa gulbi? Ta nan hankalin yaro ka fita." Aka bar wata 'yar kafa can sama, wadda ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya bi. Don kada duhu ya hana ni gani, aka saya min fitilar ƙwai, ina kunna ta da rana kata. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna sa albarka, kowa ya leƙa ya fito yana share zufa.

Bazara ta shigo. Da an rufe ƙofa, sai kwano ya fara gasa ni ta sama, hayaƙin kananzir ya cika min hanci. Layin farko nakan gane shi, na biyu sai haruffa su soma yawo, na uku kuwa ban taɓa sanin yadda yake ƙarewa ba. In farka da shatin littafi a kumatu, kaina kamar an ɗora min turmi. Na zama mafaɗaci, ƙannena suka daina gaishe ni, kazar gidan ma ta san ta kauce. A aji maki ya yi ta zubewa, har malaminmu, wani Kirista mutumin Jos mai haƙuri, ya tambaye ni ko aiki ake sa ni a gida. Na ce a'a, gata ake min.

Abin haushin, daga bakin ƙofata ana hango rudun albasa, wato rumfar kara da ake ajiye ta. Baba ya ɗaga shi daga ƙasa, ya fuskantar da shi inda iskar gulbi take bugowa, ya yi masa inuwa mai sanyi. Wata rana na sulale can da littafina, kai, karatu ya yi ta shiga kamar ana zuba min fura. Sai ga baba. Ya ce, "Tashi. Kana tare mata iska, ga zafin jikinka." Na ce, "Baba, ɗakin nan ba ya shaƙuwa." Ya ce, "Ɗakin da ni gina da siminti? Albasa ita ka ruɓewa, mutum ba shi ruɓewa."

Inna tana bakin murhu tana jin mu. Tana da 'yar gonarta da ta gada, kuma albasarta ta yi kyau a shekarar. Da aka kwaso, sai ta ce rudu ya cika, a zuba tata a ɗakin karatu, ai ɗaki ne na zamani. Baba ya ji daɗin wannan yabo ƙwarai. Aka jibge ta a kusurwa, muka zama mu biyu a ciki, ni da ita.

Ba ta daɗe ba ta fara wari. Baba ya shigo, ya tsugunna, ya latsa ɗaya, ruwa ya biyo yatsansa. Ban taɓa ganin tausayi a fuskarsa irin na ran nan ba. Ya dubi bango, ya dubi rufi, ya ce, "Subhanallahi. Wanga ɗaki ba shi da iska." Ina zaune gefensa da jajayen idanu, bai ko waiwayo ba. Kafin la'asar magini ya fasa taga biyu, ɗaya na kallon ɗaya. Haske ya shigo, na kashe fitila, na kalli awaki son raina, kuma na yi karatu. Albasar dai ba ta tsira ba, rabinta juji aka kai.

Na ci jarrabawar da ƙyar. Har baba ya koma ga Allah yana gaya wa mutane siminti ne ya yi aiki.

Bayan rasuwarsa, ina ma'aikaci a Birnin Kebbi, na zo gida na tsokani inna, na ce albasarta ce ta yi min hanya, Allah ya sa ɗakin ya ruɓar da ita da wuri. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Wane ɗaki? Jarrabawa ta matso, ɗakin na ta nawar ruɓar da ita. Kullum ka tafi makaranta ni ka yayyafa mata ruwa."

A waccan shekarar ba ta ɗinka ko ɗankwali ba da Sallah, kuma na tuna har dariya na yi wa tsohon zaninta.