Gabas ɗin Malam da Nawa

Shekarar da ƴan matanmu biyu suka gaji da cin bakansi, wato dogon hutu, a bene na huɗu, suna leƙen unguwarmu ta Goutte d'Or a Paris ta taga, maigidana ya ce zai sayi karaban, ɗan ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota. Ban ce a'a ba. Abu guda na roƙa, a samo wadda zan iya shimfiɗa darduma a cikinta. Na ga wuraren kampin a hoto, inda masu hutu ke yada zango, mutane na yawo da guntayen kaya, kowa a idon kowa. Na san halina. In aka ce in yi sujada a kan ciyawa a tsakiyarsu, jikina ne kawai zai yi sallar.

Malam, haka nake kiransa, injiniya ne, shi nauyi ne ya dame shi. Sati uku yana zaune da takardar mota yana karanta mini abin da ƴar motarmu za ta iya ja. Ya kai ta gareji aka sa mata ƙugiya a baya, ya dawo yana shafa ƙarfen kamar an yi masa haihuwa. Har turmina sai da ya ɗora a sikeli, ya ce ba da shi za a tafi ba.

Yayana da ke zaune a Lyon ya samo mana wani tsoho mai sayar da tasa karaban a bayan gari. Muna zuwa Malam ya kwanta a ƙasa yana duba birki da tayoyi. Ni kuwa na shiga, na ciro darduma daga jaka, na shimfiɗa a ɗan tsakanin wurin wanke-wanke da kujera. Tsohon ya zaci awon kafet nake yi, har ya ce yana da ragowar wani a gida.

Malam ya leƙo ta ƙofa. "Ta shiga?"

"Ta shiga, amma miƙe kawai. Ba ta karkata ko da yatsa. Duk inda muka sauka, sai hancin karaban ya kalli gabas."

"Wannan ai ba komi ba ne," in ji mutumin da bai taɓa ja da baya da ko amalanke ba.

Ranar farko muka sauka a wani kampin na bakin tafki, ba nisa da Lyon, Yaya ya raka mu. Na riƙe azahar a hanya don in haɗa da la'asar, rana kuma ta soma yin sanyi. Malam ya fara ja da baya. In ya murɗa dama, karaban ta yi hagu. In ya murɗa hagu, ta naɗe kamar za ta ciji motar. Yaran suka ɓuya a bayan itace, wai kunya yake ba su.

Yaya ya harɗe hannu. "Injiniya, wai motar ce ke jan karaban, ko karaban ke jan motar?"

"Kai da ko keke ba ka da shi, yi mana shiru."

Da ƙyar ya daidaita. Ya ciro salula ya auna, ya ƙara gaba kaɗan, ya sake aunawa. Ya kwance ƙugiya, ya sauke ƙafafun ƙarfe huɗu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. "Hajiya, bismillah. Gabas sak, ko ɗigo babu kuskure."

Na yi alwala na shiga. Don sabo na duba tawa salular, sai na ga kibiyar alƙibla ta nufi kusurwar wurin wanke-wanke. Na daɗe tsaye. Na leƙa taga na gan shi yana fifita da hula, yana yi wa Yaya bayani da hannu.

Na fito na ce a hankali, "Malam, wane gabas ka auna?"

"Gabas nawa ne?"

"A Damagaram ɗaya ne. A nan biyu."

Ya tsaya kallona. A gida in an ce wa mutum ya kalli gabas, alƙibla ake nufi, inda rana ke fitowa kuma can ne. A Faransa sai ka ƙara karkata kudu. Malam ya fi ni sani, shekara nawa yana salla a karkace a ɗakinmu na Paris. Amma salula a hannu, aiki a gaba, injiniyan ne ya ji maganar, ya ba ni gabas ta littafi.

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Bari, yau zan yi a bayan mota. Yara su riƙe mini zane."

"A'a. Na ce miki a ciki za ki yi." Ya ɗauko makullin mota.

Maƙwabcinmu, wani mai tumbi da gajeren wando, tun ɗazu yake kallo daga kujerarsa. Ya taso ya tambayi abin da ya faru. Malam bai ɓoye ba, ya ce madam za ta yi salla, ɗakin kuma bai kalli inda ya kamata ba. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce to me ya kawo mota? Ya nuna mana ƴar tayar da ke gaba da mariƙan da ke kusurwa. Aka ɗage ƙafafu, maza uku suka tura da hannu, ni ina riƙe da salula ina cewa a ƙara, a ƙara, ya isa. Ko minti biyu ba a yi ba.

Na rufe ƙofa na ja labule, na yi sallata a natse. Bangon siriri ne, ina sallamewa na ji Yaya yana cewa, "Shekara biyar a jami'a, mai tumbi ya ba ka darasi."

Da na fito Malam da Yaya suka shiga salla ɗaya bayan ɗaya, don wurin mutum guda yake ɗauka. Malam dogo ne, da ya yi sujada sai ƙafafunsa suka shige ƙarƙashin gado. Ina daga bakin ƙofa, na yi kamar ban gani ba.