Waƙar Tatsar Saniya a Kasuwar Kwoi

Matan zumunta, ku ji abin da na gani yau.

Muna ɗura citta a buhu, sai salansar wani babur ta yi ƙara kamar bindiga. Mama Ladi, wadda aka kashe mata miji a harin ƙauyensu, ta zube ƙasa. Tana numfashi sama-sama.

Na kori kowa baya. 'Yata nas ta koya mini tsarin kwantar da zuciya mai matakai uku. Na farko, ruwan sanyi a fuska. Na yi. Na biyu, sakin numfashi a hankali. Ya ƙi, ba ta ma jina.

Sai Inna Hajara mai nono ta sauke ƙwarya, ta riƙe hannunta, ta fara rera waƙa da baki rufe. Ta ce, "Bi ni, 'yar'uwa." Mama Ladi ta bi. Numfashi ya daidaita.

Na ce, "Inna, ai wannan ne mataki na uku a tsarin 'yata! Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Haka nake wa saniyata in ta firgita wajen tatsa."

Mama Ladi ta buɗe ido tana dariya. "Wato ni ce saniyar?"

Rabon da mu ji dariyarta tun rasuwar mijinta, Baban Ladi.