Muryar da ke dawowa da damina

Na daɗe ina koya wa ’yan aji shida na wata firamare a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi yadda ake tantance labari. Darasin ba ya cikin manhaja, ni na cusa shi ranar Alhamis, don na gaji da yaran da za su rantse mini an kama kifi mai kan mutum a gulbi, shaidarsu kawai a waya aka turo. Tambayoyi uku na rubuta a saman allo, na hana kowa gogewa: Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? Wa kuma ya tabbatar? Duk wanda ya ce “an ce” a ajina sai ya tsaya da ƙafa ɗaya har ya tuno mai cewar. Malama In-ji-wa suke kirana a bayan idona, suna zaton ban sani ba, ni kuwa daɗin sunan nake ji.

Wata damina saƙon murya ya shigo wayata. Wani dattijo ne yana haki, yana cewa an sako ruwan dam, ya gani da idonsa, ruwa ya kai gindin gadar da ake ginawa a hanyar fadamar Argungu, duk mai shinkafa ya yanke kafin mako ya zagayo. A wannan fadamar gonar mahaifina take, ita ce abincin gidanmu na shekara, kuma shinkafar ba ta gama cika ido ba. Idan aka yanke ta a lokacin, rabinta ƙaiƙayi za a kwasa. Duk na san wannan, amma tsoro ya rufe ni. Na tura wa Baba saƙon a wayar da na saya masa, wadda bai iya komai da ita ba sai danna wurin saurare. Sannan na kira shi na zazzage masa Hausa: taurin kan tsofaffi, rabin buhu ya fi babu, ya tara masu yanka ranar Asabar. Da na tsaya jan numfashi ya ce to.

Ranar Alhamis na kunna wa yara saƙon ina taƙama, wai ga misalin labari mai tushe, mutum ya ce ya gani, ya faɗi wuri. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu. ’Yar wata Bayarbiya ce mai sarin shinkafa, a Birnin Kebbi aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi.

“Malama, yaushe ne yag gani? Gadar ga an gama ta tun ina aji ukku. Bisanta motarmu ka bi in munka tahi sari da Mama.”

Na dubi allo, tambayoyina uku suna nan reras, babu “yaushe” a cikinsu. Su ukun ma ban yi wa saƙon ko ɗaya ba. Wani yaro daga bayan aji ya tambaya cikin ladabi na munafunci ko Malama za ta tsaya da ƙafa ɗaya. Na tsaya kuwa, da zanena da komai, suna ta ƙyalƙyala dariya, ni hankalina yana kan shinkafar Baba.

Na yi ta kiransa wayar ba ta shiga. Ranar Juma’a ana tashi na kama mota zuwa Argungu, ina lissafin ko ya riga ya sa lauje don ya burge ’yarsa mai boko. Na same shi a bakin gona yana gyaran kunya, ƙafa cikin taɓo. Shinkafa tana tsaye, ba a taɓa ko zangarniya ba. Na fara jawabin da na shirya a mota, cewa saƙon tsoho ne, bincike ya nuna. Ya bar ni na kai ƙarshe, ya ce ai ya sani. Na tambaye shi to me ya sa ya amsa mini da to. Ya ce ban bar masa wurin da wata kalma za ta shiga ba.

Kunya ta sa na miƙa hannu in karɓi wayar in goge saƙon. Ya janye ta, ya mayar aljihu. Ya ce mai maganar maƙwabcin gonarsa ne, tare suka yi ƙuruciya, tare suka koyi iyo a gulbin nan. Shekarar da ya yi saƙon gaskiya ya faɗa, ruwan ya zo. Bayan girbin ne ya kwanta bai tashi ba. Ya nuna mini gonar da hannu, ’ya’yansa ke nomanta yanzu. Tun daga nan duk damina sai a ce masa ana yawo da muryar, amma bai taɓa samun wanda zai sa masa ita a tasa wayar ba sai ni.

“Bar mani ita, ɗiyata,” ya ce. “Ba don ruwa nika saurare ba.”