Mutumin da Ya Maye Gurbin Buhunan Yashi

Kafin ya fara kafa gidajen tsalle, Baba Turke mai haƙa rijiya ne. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana shiga ƙasa da safe yana fitowa da yamma, har motocin haƙa burtsatse suka zo suna gama aikin wata biyu a kwana biyu. Ba wanda ya kore shi. An dai daina ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ƙaninsa ne ya ɗauke shi aiki. Auta ke nan, wanda ya riƙa saɓawa a wuya zuwa makaranta, wanda ma'aikata yanzu ke kira Darakta. Auta ya sayo gidajen roba guda huɗu, irin waɗanda ake hura wa iska da inji su miƙe kamar bene, yara su shiga su yi ta tsalle. Yana ba da su haya wurin shagali, yana kuma neman wanda zai riƙa ɗaure su. A katin aiki an rubuta wa yayan nasa "Babban Jami'in Fili". Ma'aikata suka dubi katin, suka dubi gudumar da ke kafaɗarsa, suka raɗa masa Baba Turke.

Abin da ya fito da shi daga rijiya shi ne sanin ƙasa. In sun isa wuri, ba ya gaida gidan tsalle sai ya gaida ƙasa tukuna: ya taka da diddige, ya soka sandar ƙarfe, ya murza abin da ya maƙale a jikinta. A kan ciyawa, turakan ƙarfe yake bugawa, kowanne ya fi kamu guda, a karkace, kansu na kallon waje, har sai ba abin da ya rage da zai kama ƙafar yaro. Yashi kuwa ya ce munafuki ne, yana karɓar turke da fara'a ya sake shi ba sallama, don haka a nan dogaye yake sawa, ya ƙara da nauyi. Ƙasar da ta sha ruwa jiya bai yarda da ita yau ba. Siminti da kwalta da tayil ba sa karɓar turke sam. Nan sai a share tsakuwa, a shimfiɗa tamfol, a jibge buhunan yashi. Babban gidan kunnuwa takwas gare shi, wato zobban da ake zura igiya, kuma kowane kunne buhu biyu yake ci. Goma sha shida. Ma'aikata sun san wannan lissafi da ƙashin bayansu, su ne masu ɗauka.

Dokarsa ɗaya ce. Ba a kunna inji sai kowane kunne ya ɗauru, in kuma iska ta tashi a fitar da yara a kashe. Shekara tara bai taɓa karya ta ba, shekara tara kuma ba abin da ya faru. Wannan ita ce matsalar aikinsa. Mai haƙa rijiya yana nuna ruwa. Shi ba shi da abin nunawa sai yaran da suka koma gida da haƙoransu, su kuwa iyaye suna ganin dama da su suka zo.

Ranar da abin ya lalace, wani babban otal ne ya kira su shagalin yaran ma'aikatan wani kamfani. Tsakar otal ɗin tayil ne fari tas, a buɗe ta gefen yamma. Tun a mota Auta ya fara.

"Yaya, don Allah yau a yi haƙuri. In suka ji daɗinmu, duk shagalin otal ɗin namu ne."

"Ni na taɓa yi maka rashin haƙuri?"

"Ka taɓa kashe inji a gaban matar alƙali."

"Ɗan alƙalin yana da rai ko ba shi da shi?"

Auta ya juya yana kallon taga.

Suka kafa gidan, buhu goma sha shida, kowanne a wurinsa. Baba Turke ya zagaya bayan otal ya wanke hannu. Da ya dawo, ya tarar da mai adon wurin, wata mata mai waya biyu a hannu ɗaya, ta sa an kwashe buhu takwas na gefen yamma an kai bayan kicin. A gurbinsu an jera furannin roba.

"Baiwar Allah, ina buhunana?"

"Naka ne? Na ɗauka ragowar gini ne. Baba, nan ake ɗaukar hoto."

"Hoton ne zai riƙe gidan?"

"Ni dai ado aka kira ni yi. Ka ga manaja can."

Manajan otal ya ce ba a huda tayil, ba a ɗaura igiya a ginshiƙi, buhu kuma ba zai dawo ba, baƙi sun fara shigowa. Ya faɗa da murmushi, irin na mutumin da aka koya wa murmushi a kwas. Kafin a gama magana yara sun cire takalma sun cika gidan.

Auta ya ja yayansa gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba. Kada ka kunyata ni yau. Ka ga iska?"

A lokacin babu. Wajen ƙarfe uku ta zo. Ba guguwa ba ce, irin iskar nan ce mai zuwa ta ɗaga gefen labule ta koma. Baba Turke ya ga kusurwar yamma ta ɗaga kamar tafin hannu ta sauka. Makunnin injin taku shida ne daga inda yake tsaye. Ya dube shi. Ya dubi Auta can nesa yana dariya da manaja, hannu a kafaɗar juna. Sai ya tattara igiyoyin gefen yamma, ya naɗe su a damtsensa da ƙugunsa, ya zauna a ƙasa, ya tokare ƙafafu da bakin matakala.

Awa uku ya yi a haka. Wata uwa ta ce ya ɗan matsa, yana shiga hoto. Wani bawan Allah mai tausayi ya ajiye masa kek a faranti kusa da gwiwa, ya tsaya yana mamakin tsohon da aka ba abu bai ko miƙa hannu ba. Sau huɗu iska ta ja. A na huɗun wani abu ya yi ƙara a kafaɗarsa ta dama, ƙarar da shi kaɗai ya ji, gidan ya karkata ya dawo, yaran ciki suka yi ihu suna cewa a sake.

An tashi lafiya. Otal ya ba Auta aikin shekara.

Bayan mako biyu, hannu a rataye, Baba Turke ya je ofis ya tarar ana loda mota: gidaje biyu maimakon ɗaya, kowanne da buhu takwas kacal.

"Auta, ina sauran buhunan?"

"Mun rage, Yaya. Ai an gwada an gani. Ranar otal buhu takwas ne, ga iska, ba abin da ya faru."

"Ni na riƙe shi!"

"To ka gani." Auta ya buɗe hannuwa. "Kai nawa kake? Ko buhu biyu ba ka kai ba. In mutum ɗaya, dattijo, zai riƙe gefe guda yana zaune, me za a yi da buhu goma sha shida? Yaran nan masu ɗauka bayansu ya ƙare a banza."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai, don kada a ga sun yarda. Baba Turke ya buɗe baki zai ce sa'a ce, da iskar ta ƙara kaɗan da shi da gidan da yaran duk sun tafi tare. Amma Auta ya yi makaranta, kuma hujjarsa tana da lamba a ciki.

Hannun bai koma ɗaga guduma ba. Auta bai kore shi ba, ai ɗan halak ne. Ya mayar da shi sito yana faci, yana neman hujin roba da ruwan sabulu. An buga masa sabon kati, "Mai Ba da Shawara", ya kuwa ba da ita kullum da safe a bakin ƙofa: in iska ta tashi a fitar da yara, a kashe inji. Direba ya ce, "To, Baba," gilashin mota yana hawa.

Matarsa ce ke shafa masa man zafi in ya dawo. Ta gaji da jin labarin, amma ba ta hana shi.

"Taku shida," in ji shi. "Da na kashe injin nan."

"Da ya kore ka."

"Da ya kore ni."

"Mu ci me? Tsaya mana, kana motsi."

Ya tsaya. Ba Auta yake zagi ba, ko mai ado, ko manaja. Su kowa ya yi aikinsa. Ranakun Asabar gidajen huɗu duk suna fita. Shi yana sito da kwanon sabulu a gabansa, in ya ji kwanon rufi ya fara motsi sai ya ajiye soso ya lalubo waya da hannun hagu, ya kira ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. Da farko suna ɗauka. Yanzu ɗaya ne kawai ke ɗauka, shi ma don ya ce, "Baba, kiɗa ya yi yawa, ba na jin ka."